Mai Kunne da Muryar Malamin Makafi

Ƙarfe bakwai da rabi yake ɗaga ƙofar shagon. Ƙofar ƙarfe ce mai naɗewa sama, ta daɗe da daina kaiwa ƙarshe, sai ya tokare ta da guntun katako sannan ya sunkuya ya shiga. Shagon a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, jikin na wata mai ɗinki. In ya miƙa hannuwansa biyu zai taɓa bango da bango. Kafin ya kunna komai sai ya goge tebur da tsumma mai ɗan laima, ya jera sukudireba shida daga ƙarami zuwa babba, ya cire agogon hannu ya rataye a ƙusa, ya dafa ƙarfen taga don wutar jikinsa ta fita kada ta ƙona kayan mutane. Sannan ya zauna ya jira wanda zai shigo da fuskar tashin hankali. Ba a taɓa rasa shi ba.

Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan. Gyaran kwamfuta ne sana'arsa, amma ba da canza allo ko madannai aka san shi ba. An san shi ne da faifan ajiya, wato ɗan akwatin ƙarfen nan da ke cikin kwamfuta, inda take adana duk abin da aka rubuta ko aka ɗauka. Bai fi tafin hannu ba. A cikinsa akwai faranti mai sheƙi kamar madubi yana juyawa, da wata allura da ke shawagi a kansa tana karatu ba tare da ta taɓa shi ba. Ranar da ta taɓa, an shiga uku.

Idan aka kawo masa kwamfuta, ba allo yake fara kallo ba. Sai ya ɗora bakin dogon sukudireba a jikin faifan, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido, ya ce a kunna. Daƙiƙa goma sun ishe shi. Lafiyayyen faifai, in ji shi, kamar mage mai barci yake, gurnani ɗaya ba yankewa. Wanda ya fara ciwo yakan yi nawar tashi. Wanda allurarsa ta rikice kuwa sai ka ji ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba kowa. In ya ji wannan, kafin mai kaya ya buɗe baki ya riga ya zare waya daga bango. Da haka ya samu sunan Mai Kunne, har sunan yanka ya ɓace. Matarsa ma, Allah ya ji ƙanta, da shi take kiransa in tana jin tsokana.

Doka ɗaya gare shi, ya rubuta ta a kwali ya liƙa a bango: kwashe kafin gyara. Duk faifan da ya fara kuka, ba a bincikensa, ba a gyaransa, ba a ma ƙara kunna shi don a gani ko ya warware. A fara kwafe abin da ke ciki zuwa wani lafiyayye. Bayan nan in an ga dama a buga da guduma.

Mai ɗinkin da ke maƙwabtaka da shi shekara goma sha huɗu ita ce babbar shaida, don bangon da ya raba su na katako ne, tari ma ana ji. Ta ce ba ta san adadin ɗaliban da suka shiga shagon nan suna kuka da aikin kammala karatunsu a cikin mataccen faifai, suka fito suna share hawaye da dariya ba. Ta ce ta ga ranar da wani ɗan kasuwa ya zo a guje, kwamfutarsa ta rubuta masa cewa ba ta ganin faifai sam, ya riga ya saduda zai sayi sabo. Mai Kunne ya saurara, ya buɗe, ya danna wata siririyar waya da ta yi sako-sako, ya ce masa, “Ɗauki kayanka, lafiyarsa lau, wayar ce ta zame.” Ga sababbin faifai jere a kan kanta, bai ko kalle su ba. Ta ce ta ga wata da jan rubutu ya cika mata allo yana walƙiya, wai faifanta zai mutu nan da minti biyar sai ta danna nan. Ya yi dariya ya ce, “’Yata, mai mutuwa ba ya talla. Wannan ’yan damfara ne.” Ya share mata shi ta tafi.

Ya san ba kowane gargaɗi ne ajali ba. Wani ɗaukewar wuta ce ta bar rubutu a rabi, wani zafi ne, wani cika ce faifan ya yi. Amma akwai guda ɗaya da ba ya wasa da shi: wanda ke fitowa tun kafin kwamfuta ta gama tashi, farin rubutu a kan baƙin allo, inda faifan da kansa yake cewa ya kusa lalacewa, a kwashe kaya a canza shi. A ƙarƙashin rubutun kuma akwai ɗan layi da ke cewa a danna maɓalli kaza a wuce. Mai Kunne yakan ce wanda ya ƙirƙiro wannan ɗan layin bai san halinmu ba.

Gaskiya ya faɗa, kuma abin kunya ne. Mu ne mutanen danna-ka-wuce. Na’ura ta buɗi baki ta ce tana mutuwa, mu ce ai tana tashi. Jar fitila ta kama a mota, mu liƙe ta da takarda. Bango ya tsage, mu jingina kabad a wurin. In abin ya rushe mana a ka sai mu ɗaga hannu sama mu ce ƙaddara, kamar ba a aiko mana da manzo sau ɗari ba. Kuma ba jahilanmu ne suka fi wannan ba. Masu takardun shaida a jikin bango su ne shugabanni, don su ne ke karanta gargaɗin, su fahimce shi sarai, sannan su danna.

Bara kunnen Mai Kunne na hagu ya tafi. Na dama yana bin sa a hankali. Likita ya ce ba abin da za a yi sai na’urar ƙara ji, ita kuwa tana ƙara muryar mutane ne da hayaniyar titi, ba ta kamo numfashin faifai. ’Yarsa ta matsa ya rufe shago ya koma wurinta. Ya ja, ya ja, har ya amince: ƙarshen wata. Bai yi shela ba. Ba kuma wanda ya zo ya ce a koya masa.

Saura kwana goma sha biyu, ranar wata Litinin, wata mata ta sunkuyo ta ƙarƙashin ƙofar, rungume da kwamfutar tebur a naɗe cikin zanen gado kamar mai ɗauke da jariri. Za ta yi shekara hamsin. A bayanta wani mutum ne da tabarau, yana kaɗa makullin mota a yatsa.

“Salamu alaikum, Malam. An ce kai ne mai jin ciwon irin waɗannan.”

Bai ɗago ba, yana can yana ware sukurori. Mai ɗinki ta buga bango da almakashi.

“Maƙwabci! Ka yi baƙi!” Sannan ta leƙo ta ce wa matar, “Ki tsaya ta damansa, baiwar Allah. Ta hagun nan an daɗe da rufe shago.”

Matar ta koma dama, ta ajiye kayan a tebur, ta yi bayani tana ɗaga murya. Mijinta malami ne a makarantar makafi. Da ya ga yaran ba su da littattafai, sai ya riƙa ɗaukar karatu da muryarsa a gida, lissafi da tarihi da kimiyya, ya sa musu a aji. Shekara tara yana yi. Karatu ɗari huɗu da goma sha biyu, duk a cikin wannan kwamfutar. Wata bakwai da suka wuce ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya tafi. Yana gani, yana ji, yana gane kowa, amma ko sunanta ba ya iya kira. Likitar da ke koya masa motsa jiki ta ce a riƙa sa masa muryarsa kullum, ko Allah zai sa harshen ya tuna hanya. Tun daga nan, kowace safiya in ta gama shirya shi, sai ta tura kujerarsa gaban kwamfutar ta kunna masa awa guda.

“Ba don shi kaɗai ba, Malam,” ta ce. “Ni ma a nan nake jin sa. Gidan ya yi shiru da yawa.”

“Yaushe ta fara yi miki rubutu a baƙin allo?”

Ta dube shi da mamaki, don ba ta faɗa ba tukuna. “Wata huɗu ke nan. Ni ba na karanta Turanci. Sai na kira ƙaninsa, ga shi nan.”

Mai tabarau ya matso. A gida Na-Sani ake ce masa, kuma yana amsawa, don a zatonsa yabo ne.

“Dattijo, ba wani abu ba ne, irin surutun nan nasu ne na kamfani. Na nuna mata inda za ta danna.”

Matar ta zaro madannai daga cikin zanen gadon. A kan maɓalli ɗaya a layin sama akwai ɗigon jan farce. Na-Sani ne ya ɗiga mata don kada ta manta. Tsakiyar ɗigon har ya koɗe saboda yatsa.

Mai Kunne ya daɗe yana kallon ɗigon. “Me rubutun ya ce?”

“Wai faifan na gab da lalacewa, a kwashe kaya a canza.”

“Ashe ka karanta.”

“Na karanta mana! Amma ai tana tashi. Tawa ta ofis shekara guda tana faɗin haka, ga ta nan garau. Ko ba haka ba, matar yaya? Akwai ranar da ta ƙi yi miki?”

“Sai ranar Asabar,” in ji ta.

“To, ranar Asabar da ta cije, ni da kaina na sa mata binciken nan mai gyara faifai. Yini biyu tana yi. Da ta kai kashi sittin da bakwai sai ta tsaya. Ƙarasawa kawai za ka yi mana.”

“Yini biyu,” in ji Mai Kunne a hankali. “Ɗana, ka ga mutum yana aman jini, sai ka sa shi tsere don ka gano inda ke masa ciwo?”

Na-Sani ya yi ’yar dariya, ya duba waya, ya ce yana da taro. Bai ƙara dawowa shagon ba.

Da ya fita, matar ta yi ƙasa da murya har sai da Mai Kunne ya karanci leɓɓanta. Ta ce duk sanda rubutun ya fito, maigidan yakan buga hannun kujera da hannunsa mai lafiya, yana wani gurnani. Ita ta ɗauka gaggawa yake a sa masa karatu, sai ta yi maza ta danna. “Shi ya iya Turanci, Malam,” ta ce. Mai Kunne ya gane, ashe hana ta dannawa malamin yake yi.

Ya cire faifan, ya haɗa shi da tasa na’urar, wadda ke karatu kawai ba ta rubuta komai a kai. Ya ɗauki dogon sukudireba, ya manna ƙotar a kunnen dama, ya kunna. Shiru. Ya san faifan na juyawa, yana jin ɗumin a yatsa, amma kunnen bai kawo masa komai ba sai wani zuuu da ke tare da shi ko’ina yanzu. Ya cire ya sake mannawa. Shiru. Mai ɗinki na bakin ƙofa tana kallo, ba ta yi tsokana ba wannan karon.

Sai ya sa ƙotar a baki ya cije ta da turame, ya toshe kunnuwa da yatsu. Motsin ƙarfen ya bi ta haƙora ya hau ƙashin kai. Ga shi nan, can nesa: gurnani, gurnani, ƙas. Gurnani, ƙas, ƙas.

“To fa,” in ji mai ɗinki. “Yau kuma Mai Haƙori za mu koma kiranka?”

“Da sauran rai,” ya ce da ya zare ƙotar. “Amma kaɗan.”

Ya buɗe teburin lafiyar faifan, inda faifai ke ƙirga raunukansa da kansa. Wuraren da suka mutu sun haura dubu biyu, waɗanda ke jiran mutuwa sun fi haka. Ya ɗauko sabon faifai wanda ba komai a ciki, ya fara kwafe. Ba daga farko zuwa ƙarshe ba, wannan aikin masu gaggawa ne. Ya sa na’urar ta bi wurare masu sauƙi tukuna, in ta iske rauni ta tsallake kada allura ta tsaya tana tono, a dawo masa daga baya. Ya kafa ’yar fanka tana hura wa faifan iska. Duk minti ashirin sai ya dafa shi da bayan hannu; in ya ɗau zafi ya kashe, ya jira, ya sake. Ya ƙi karɓar aikin kowa. Shayinsa ya huce sau uku a kan kanta.

Ranar farko aka samu kashi talatin da ɗaya. Rana ta biyu ya kai talatin da takwas. Rana ta uku, daga safe har ya sauke ƙofa, kashi biyu kacal ya ƙaru. Muƙamuƙinsa ya kumbura don cizon ƙota, har ’yarsa ta yi masa faɗa a waya, shi kuwa rabin faɗan bai ji ba. Matar takan zo kullum da hantsi, ta tsaya ta dama, ta tambaya, ya nuna mata lamba a allo, ta koma wurin majinyacinta. Ta ce gidan ya zama kamar an yi rasuwa. Maigidan yana kallon teburin da babu kwamfuta, ya kalle ta.

Rana ta huɗu, wajen ƙarfe goma, ƙota na bakinsa, sai gurnanin ya sauya. Ba ƙas ba ce. Wani kuuu ne siriri, kamar ana jan wuƙa a kan tangaran, ya ji shi har cikin idanu. Hannunsa ya kai ga wayar wuta kafin tunaninsa ya kai. Amma ya san abin da ya ji. Allura ta sauka a kan faranti.

Yana da wani akwatin gilashi da ya haɗa da kansa, mai matatar iska, inda yake buɗe faifai don kada ƙura ta shiga. A nan ya kwance murfin. A kan madubin farantin akwai zobe, fari-fari, faɗinsa ya kai farce, an kankare shi har ƙasa. Kuma ba sabo ba ne duka. Gefensa ya nuna an daɗe ana cin wurin, yau dai aka ƙarasa. A kusurwar akwatin faifan akwai ɗan farin ƙyalle mai tace iska, bai fi ƙwayar wake ba. Ya koma baƙi ƙirin.

Kashi arba’in ba ya nufin an tsira da kashi arba’in na karatun. Kwamfuta ba ta ajiye abu ɗaya a wuri ɗaya; yanka shi take gunduwa-gunduwa ta watsa duk inda ta samu fili. Ya yi kwana biyu yana tsintar gunduwoyin daga sabon faifan yana harhaɗawa. Cikin ɗari huɗu da goma sha biyu, ashirin da uku ne suka yarda suka buɗe. Kuma ba shi da hanyar sanin ko murya ce a ciki ko ƙara, don ’yar lasifikar shagon, ko ya ƙure mata murya, iska kawai yake ji daga cikinta.

Da matar ta zo, ya ba ta kujerarsa, ya miƙa mata abin sawa a kunne.

“Ke za ki saurara, baiwar Allah. Ni an wuce da ni. In mutum ne ki ɗaga hannu, in ƙara ce ki girgiza kai.”

Ya kunna na farko. Ta girgiza kai. Na biyu, ta girgiza. Na uku ta ɗaga hannu da sauri, bakinta ya buɗe, sannan bayan ɗan lokaci hannun ya sauka a hankali. Karatun ya yanke a tsakiyar jimla. Haka suka yi ta yi, shi yana kallon fuskarta kamar yadda ya saba kallon allon lafiyar faifai, yana sa alama a takarda. Tara ne suka fito cikakku. Takwas lissafi ne da kimiyya zalla.

A na taran, tana cikin saurare sai ta dafe baki da hannu biyu, kafaɗunta suka fara rawa. Ya kai hannu zai tsayar, ta riƙe masa hannun riga. Mai ɗinki ta shigo ta cire wayar abin kunnen don a ji a lasifika, ita ce kuma ta ba da labarin abin da ke ciki. Malamin yana tsakiyar koyar da rabon lamba, sai aka ji ƙarar ƙofa da ta kofi a kan faranti. Ya ce, “Yara, ku yi haƙuri, hukuma ce ta shigo.” Sannan, “Ke mutuniyar, ina ɗaukar karatu fa. Ajiye nan. Kin sa sukari kuwa, ko yau ma horo ake yi mini?” Aka ji muryar mace daga nesa tana cewa likita ya hana. Ya yi dariya, doguwa, har da tari. Ya ce, “To na gode, Allah ya bar mini ke.” Ya koma kan rabon lamba. Duka bai fi daƙiƙa arba’in ba.

Sau huɗu aka maimaita. Mai Kunne na tsaye yana kallon layin murya na hawa da sauka a allo, bai ji ko harafi ba.

Da ta natsu ta ce, “Sauran fa, Malam? Ɗari huɗun? Ko a wata ƙasa, ko wurin waɗanda suka fi ka kayan aiki?”

Ya ɗauko ɗan baƙin ƙyallen da hantsaki, ya ɗora a farar takarda, ya ɗan buga. Wani baƙin gari ya zuba, bai cika kan cokali ba.

“Rubutun a fatar farantin yake. Allura ta kankare fatar. Wannan garin da kike gani, su ne. Ba mai haɗa shi a duniya.”

Ta daɗe tana kallon garin. Sannan ta yi tambayar da yake tsoro tun ranar Litinin.

“Da na kawo ta ranar da rubutun ya fara fitowa fa?”

Mai ɗinki ta ƙifta masa ido daga bayan matar, ta girgiza kai. Ya gan ta sarai.

“Da awa biyu sun ishe ni,” ya ce. “Da ko tari ɗaya nasa bai ɓace ba.”

Matar ba ta yi kuka ba. Ta naɗe takardar da garin a ciki, ninki huɗu, ta ƙulle a bakin mayafi. Ya ba ta tarar nan a ’yar ma’ajiya ta aljihu, ya sa mata a waya, ya ƙara da kwafi na uku ya ce ta ajiye a wani gida daban. Ta yi godiya, ta sunkuya ta fita, ta bar zanen gadon a kan tebur.

“Kai dai ba ka da tausayi, maƙwabci,” in ji mai ɗinki, da ƙarfi don ya ji. “Me zai rage ka in ka ce mata ko ta kawo da wuri haka za a yi? Ka ɗora mata dutse ta tafi da shi gida.”

“Dutsen ba nata ba ne, ta san mai shi. In na ce mata ƙaddara ce, gobe za ta faɗa wa maƙwabciyarta ƙaddara ce, ita ma ta danna. Shekara ashirin da shida ban yi wa faifai ƙarya ba, sai yanzu da zan tafi?”

“To ka ji daɗi.”

“Ban ji ba,” ya ce. Ya naɗe zanen gadon ya ba ta ta ajiye, ko matar za ta dawo.

Washegari ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai saba ba, ya ɗauki kwafin karatun nan tara ya kai makarantar makafin da ƙafarsa. Yana da ɗan fatan ko sun taɓa kwafar wani abu. Shekara tara ana sa wa yaransu muryar mutumin nan a aji, shi ke kawowa a ’yar ma’ajiyarsa, ya sa, ya goge ya sa na gaba. Ba wanda ya taɓa cewa, Malam, bar mana kwafi. Ga ɗakin kwamfuta guda a makarantar, a kulle, an lulluɓe komai da leda don kada ya lalace. Shugaban ya karɓi abin, ya yaba ƙwarai, ya ce za su zauna su duba yadda za a yi. Za su zauna! Yara na aji ba littafi, ba murya, manya za su zauna.

Kai ne, Mai Kunne, ka ciji ƙota kwana huɗu don ka ceto wa wata baiwar Allah muryar da kai ba za ka taɓa ji ba. Kai ne ka mayar da mutane gida da tsohon faifansu alhali sabo na kan kantarka. Kai ne aka kawo wa gawa sau dubu aka ce ka tashe ta, in ka kasa a ce tsufa ya kama ka, in ka iya a ce dama ba wani abu ba ne. Likitan da ba a zuwa wurinsa sai numfashi ya kusa ƙarewa, mai faɗin gaskiya ko da za a tsane shi. Ba a taɓa kiranka taro an ba ka ko takardar yabo ba, kuma ba za a yi ba, don masu ba da takardun su ne masu ɗiga jan farce.

Ba za mu yi maka ƙaryar da ka ƙi yi wa matar nan ba. Ba mu ga wanda zai gaje ka ba. Masu tasowa canji suka iya: a cire, a jefar, a sa sabo, abin da ke ciki kuwa Allah ya ji ƙan rai. Malamin yana nan a kujerarsa, likitar ta daina cewa harshen zai dawo. Matarsa ta gaya wa mai ɗinki cewa in ta sa masa karatun lissafin sai ya juya fuska bango, sai daƙiƙa arba’in ɗin nan kaɗai yake yarda a maimaita. Na-Sani yana nan yana ba da labari cewa tsohon ne ya ƙarasa faifan da kwance-kwancensa.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da abin da mu muka kasa, ya sa ka huta a gidan ’yarka cikin jikoki, ko da dariyarsu sai dai ka gan ta da ido. Ranar Asabar ɗin nan za ka zare katakon, ƙofar ta sauko, ba mai ɗaga ta ranar Litinin.

Kai kuma mai karatu, in kana son ka girmama mutumin nan, kada ka tsaya a cewa Allah sarki. Ka san abin da ke cikin taka kwamfutar wanda babu shi a ko’ina: hoton mahaifiyarka, aikin shekarunka, muryar wani da ba zai sake magana ba. Tashi ka kwashe shi yau, wuri biyu, ba gobe ba. In ta yi maka farin rubutu a baƙin allo, ka karanta, ka yarda, ka kashe ta. In kai ne mai ilimin gidan da ake kira a tambaya, ka ji tsoron Allah ka ce ban sani ba, a kai wa masu sani. Domin ranar da taka za ta fara ƙas, ƙas, ka naɗe ta a zanen gado ka rugo ƙarƙashin benen nan, mai ɗinki kaɗai za ka tarar, ita kuwa abin da za ta iya yi maka shi ne ta nuna maka rufaffiyar ƙofa.